Fitsarin da Na Sayar wa Direbobin Tifa

Ni haifaffen Zuru ne, ɗan tsohon soja. Ban taɓa shan taba ba, balle wiwi, kuma wannan tsabtar ce ta zame mini jari a harkar da ta kai ni kurkuku. Kafin nan aikina shara da wankin kwalabe a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibitin kuɗi. Likitan abokin mahaifina ne, ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa.

A shekarun dubu biyu wani kamfanin gyaran hanya ya shigo yankinmu. Suka ce duk direban da za su ba tifa sai an gwada shi, a ga ko yana shaye-shaye, kuma suka bar wa likita zaɓi: ko fitsari, ko gashi. Likita ya bayyana mini cewa fitsari 'yan kwanakin baya kawai yake tonawa, gashi kuwa yana riƙe abin da mutum ya sha tun watanni, sai dai a aika shi nesa a jira. Tunda ni zan riƙa karɓar abin gwajin, ya tambaye ni wanne ya fi.

"Baba, fitsari mana," na ce. "Mutanenmu ba za su yarda a yanki gashinsu a tafi da shi ba. Cewa za su yi asiri za a yi musu."

Gaskiya na faɗa, amma ba don Allah ba. Tuni maƙwabcinmu Danladi ya tare ni. Direba ne gwani, sai dai ba ya taɓa sitiyari sai ya kora ƙwaya. Ya ce, "Aboki, kai da ko goro ba ka ci, mi zai hana ka ara mini naka fitsarin?" Na yi dariya, sannan na ara masa. Ya saya mini tsire da lemo, na ga ai abin ba wuya.

Kafin wata ya zagayo labari ya kai Mahuta da Sakaba. Nakan wuni ina ɗirkar ruwa har cikina yana ƙugi, ina cika kwalabe ina musanyawa. Gashin da likita zai yanka da almakashinsa ba zan iya musanyawa ba, fitsari kuwa bayan ƙyaure ake yin sa. Na ɗinka sababbin kaya, na fara taku ɗai-ɗai a layinmu.

Wata ranar kasuwar Ribah, Danladi ya sha ya yi tatul, ya hau kan wani babur da tifa. Manomi ne ya ɗauko matarsa daga cefane. Shi ya rayu da karayar ƙafa, ita ko shurawa ba ta yi ba. Da na ji, tsoron tonuwar asirina ya fi tausayinta ƙarfi a lokacin. Wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa.

Kamfani ya turo wata ma'aikaciyar lafiya ta yanki gashin kowane direba. Ni mai wayo, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce su yi aski. Suka hallara da safe, kawuna ƙwal suna ƙyalli a rana. Matar ta dube su, ta ce, "Ikon Allah, duk rana ɗaya kwarkwata ta kama ku? To, kowa ya ɗaga hannu." A hammata ta yanka.

Da sakamako ya dawo ya nuna suna shaye-shaye, ba a ko daki kowa ba direbobin suka ambaci sunana. Alƙali ya ɗaure ni, aka rufe asibitin. Likita ya zo kurkuku sau ɗaya. Bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Shawara na nema a wurinka, ɗana." Da ya kwaɗa mini mari da ya fi mini sauƙi.

Bayan na fito na tuba, na nemi ƙauyen manomin nan. Na same shi yana dogara sanda, 'ya'yansa mata suna surfe. Na durƙusa na faɗa masa ko ni wane ne. Ya dube ni ya ce, "Ni direba na sani. Ashe ku biyu ne a motar."

Ya ku matasa, ban taɓa tuƙa mota ba, amma da hannuna a mutuwar matar nan. Idan aka sa ku tsaron wata ƙofa, ko ta gwaji ce ko ta jarrabawa, aboki ya zo yana murmushi ya ce taimako ne kaɗan, ku ce a'a tun ranar farko. Wanda zai biya wannan taimakon ba ya wurin, bai ma san da ku ba, yana can bisa hanya zai koma gida wurin 'ya'yansa.