Koci Furera da Gonar Aro

Duk wanda ya san ƙasarmu ta arewacin Kano ya san ba mu da filin banza. Ka fita daga Ɗanbatta ka nufi duk inda ka ga dama, gona ce jingine da gona. In hularka ta faɗi da damina ba ka waiwaya da wuri ba, kafin ka dawo wani ya shuka wake a ciki. To a irin wannan ƙasa ce Furera ta ce sai ta samar wa 'yan mata filin ƙwallon ƙafa.

Taubashiyata ce, 'yar ƙanwar babana, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kanta. Kuma ni ne direban bas na kwalejin horar da malamai da take koyarwa, babu wasan da ta je ba ni na kai ta ba.

Tun muna yara ba ta da aiki sai bin mu wajen ƙwallon tsumma. Mukan sa ta gola don mu huta da nacinta, sai ya zamana in tana gola ba a cin mu. Da ta gama sakandare ta tafi Kano ta karanta ilimin motsa jiki, abin da kakarmu har ta rasu ba ta gane ba. "Wato guje-guje ake zuwa birni a koya?" in ji ta. "Da an bar min ita da awakina, da tuni ta ƙware."

Da ta dawo ta kama aiki, sai ta tarar ɗalibai mata suna karanta ƙwallo a littafi, suna cin jarrabawa, amma babu wadda ta taɓa sa ƙafa ta taɓa shi. Ta bi iyayensu gida gida. Masu yarda suka yarda da sharaɗi: dogon wando, riga mai dogon hannu, ɗan hijabi, kuma kada a tara musu ƙartin gari suna kallon 'ya'yansu. Filin kwaleji kuwa a bakin titi yake, ko kaza ta gifta sai 'yan acaɓa sun tsaya kallo. Daga baya ma aka gina ɗakin taro a kansa.

A bayan katangar kwaleji akwai gonar wani dattijo, Malam Usaini, shimfiɗaɗɗiya, kewaye da shingen lalle da ya fi mutum tsayi. Ni na raka ta wajensa. Muka same shi yana ɗaure kara.

"Baba, aron gonarka na zo nema."

"Ke da albashinki, me ya haɗa ki da noma?"

"Ba noma ba ne, Baba. Ƙwallo ne."

Ya daɗe yana kallonta, ya kalle ni ko zan ce wasa take yi. Babban ɗansa Khalilu ya ce, "Baba, daɓe maka gona kawai za su yi."

Tsohon ya ce, "Daga ranar da na kwashe karana har ranar da ruwan shuka ya sauka, taku ce. In ya sauka, tawa ce. Ba sai na aiko ba."

"Na ji, Baba."

Shi ke nan. Ba takarda, ba shaida sai ni, ni kuwa ko a gidanmu ba a kafa shaida da ni.

Kowace kaka, da an kwashe amfani, sai ka ga 'yan mata ashirin da fartanya suna baje kunyoyi, suna tumɓuke tushen dawa. Turakun raga na darbejiya ne. Da bazara ta kawo kai, Malam Usaini yakan kawo taki a jaki ya zuba tsibi tsibi a gonar, yadda kowa yake yi. Furera ba ta ce a kwashe ba. Ta ce kowace ta ja ƙwallo ta ratsa tsakanin tsibin, wadda ta taka ita za ta wanke rigunan kowa. Ban taɓa ganin abin da ya koya wa mutum yanka da sauri kamar kashin awaki ba. In suna da baƙi, sai su baza masa takin, su rage masa aiki, baƙin su yi wasa suna toshe hanci.

Fitarsu ta farko Kano an ba su shida ba ko ɗaya. A gida rairayi yana cinye ƙarfin ƙwallo, sun saba dukansa da iyakar ƙarfinsu. Da suka hau ciyawa mai santsi, duk wadda ta taɓa shi sai ya nufi Dawanau. Muka kamo hanyar gida. Na ce, "Taubashiya, ko in tsaya mu nemo sauran ƙwallayen?" Ta ce, "Tuƙa motarka, kai da ko gudun kare ba ka iya ba." Amma ta lura da abin da ni ban lura ba: an tashi wasa 'yan birni suna haki, nata ko gumi ba su gama yi ba. Ƙafar da ta saba gudu a rairayi ba ta gajiya a ciyawa. Daga nan ta gina wasanta: a tsare gida kafin hutun rabin lokaci, bayan an dawo a bi su da gudu. Da haka ta ɗauko kofin kwalejoji har sau uku, aka kira ɗalibanta biyu ƙungiyar jiha. Ita dai in ka tambaye ta, ba kofi take fara ambata ba. Sai ta ce ɗalibanta sama da hamsin suna koyarwa a firamare, kuma kowace in ta shiga fili yara mata suna bin ta.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakewa: filin ba nata ba ne. Tsoho yana ƙara tsufa, kuma kowa ya san abin da rabon gado yake yi wa gona a nan.

A shekara ta tara shugaban kwaleji ya kira ta ya ce hukumar makaranta ta amince, in suka ɗauko kofin shiyya za a saya musu fili nasu na kansu, da takarda. Suka yi ta ci har wasan kusa da na ƙarshe, aka sa shi a gida, ranar wata Asabar, ana ganin damina da saura. Ranar Juma'a bayan la'asar gabas ta haɗe. Aka sheƙa ruwa, irin wanda in ka tona ƙasa da hannu laima har wuyan hannu. Ruwan shuka ne, ko makaho ya ji ƙamshinsa.

Da sassafe shugaba ya zo da kansa har bakin gonar.

"Malama, yini ɗaya ne fa. Ki je ki roƙe shi. Dattijon nan ba zai iya ce miki a'a ba."

"Shi ya sa ba zan je ba, ranka ya daɗe."

Na ja ta gefe. "Taubashiya, shekara tara kina aro, yau ga naki har da takarda. Ki bari ni in je, ni ba ni da kunya."

"Kai ɗan manomi ne ko ɗan kwalta? Mutum ashirin da biyu su tattake jiƙaƙƙiyar ƙasa awa ɗaya da rabi, gobe da me zai sare ta? Kafin ya gyara laima ta tafi. Geron shekararsa ke nan, ba shi da wata gonar."

Wani filin kuwa babu sai na firamare, a tsakiyar gari, kuma ta yi wa iyaye alkawari.

Ramlat, kyaftin ɗinsu, ta fashe da kuka. "Malama, shekarata ta ƙarshe ce fa."

"Na sani. Babanki yana ina yanzu?"

"Yana gona."

"To."

Da Malam Usaini ya iso da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri, ya tarar an tumɓuke turaku an jingine a jikin shinge. Ya tsaya yana juya hula.

"'Yar nan, an ce min yau kuna da baƙi. Ai da kun..."

"Baba, kawo irin."

Shi da Khalilu suna gaba suna sara, 'yan mata cikin rigunan wasa suna biye suna jefa gero suna rufewa da diddige. Ramlat tana shuka tana share hawaye da gefen hijabi. Kafin azahar an gama aikin da yakan ci wa tsohon kwana biyu. Motar baƙi ta iso, kocinsu ya leƙo ya tambaye ni ina filin. Na ce, "Ga shi nan, ranka ya daɗe, sai dai ku dawo bayan wata huɗu a ba ku fura." Bai yi dariya ba. Alƙalin wasa ya busa usur ya ba baƙin wasan.

Aka dakatar da ƙungiyar daga gasa shekara guda. Maganar sabon fili ta mutu. Shugaba ya yi wata uku in ta gaishe shi da hannu yake amsawa. Kuma kada wani ya ce muku ba ta yi nadama ba. Wata rana muna dawowa daga Kano, mota ba kowa sai mu biyu, ta ce, "Tahir, ni na yi alkawarin, amma Ramlat ce ta biya shi. Har yau ban san ko na kyauta mata ba." Na ci gaba da tuƙina har gida ban zolaye ta ba. Ba kasafai hakan take faruwa da ni ba.

Bayan shekara uku Malam Usaini ya rasu, ana cikin girbi. Ya bar maza uku, mata biyu. A nan in an raba gona, kowa yakan dasa gamba a kan iyakarsa, ciyawar da in ta kama sai ta kai ƙugu, tushenta kamar turmi. Layi huɗu na gamba a tsakiyar fili, ko zomo ba zai yi ƙwallo a ciki ba. Furera ta je ta'aziyya ta dawo, ba ta ce uffan a kan gona ba. Ta sa aka kwaso turaku aka kai sito.

Ranar rabo ina wajen, don ba a taro a garin nan ba ni. Dagaci ya zo, liman ya zo, aka ja igiya, kowa ya ga nasa. Ƙaramin cikinsu ya ɗauko damin gamba zai fara dasawa. Khalilu ya riƙe hannunsa.

"Ka kafa dutse a gindin lalle, nan ɗaya, can ɗaya. In ruwa ya sauka mu ja igiya, kowa ya shuka nasa."

"Yaya, in aka ci min iyaka fa?"

"Wa zai ci? Matar da ta bar fili mai takarda don geron Baba tana nan, duk shekara ita za ta riƙe mana bakin igiyar." Ya juyo wajena. "Direba, ka gaya wa Malama sharaɗin Baba yana nan yadda yake."

Na je na same ta a sito tana hura ƙwallo. Na faɗa mata. Ta ci gaba da hurawa har na ji tsoron zai fashe. Can ta ce, "Me kake tsaye yi? Ɗauki turakun."

Shekara goma sha huɗu ke nan, har yau ba ta da takardar ko taku ɗaya na ƙasa. Ramlat tana koyarwa a wani ƙauye nan kusa, duk Asabar ɗin rani takan kawo 'yan ajinta su yi kallo. Da bazara kuwa in ka ga Furera tsaye a tsakiyar fili, usur a baki, yara suna ratsa tsibin taki, ka lura da idonta. Rabi yana kan ƙwallo, rabi yana gabas.