Ranar da Baffa ya aike ni binciken asalin Bagirke

Shekarun baya, ƙanwata ta kawo mana wanda take so, wani likitan haƙori, Bagirke, wato ɗan asalin ƙasar Girka, haifaffen Amurka, wanda ya musulunta tun kafin su haɗu. Mahaifinmu ya rasu, don haka maganar ta koma hannun ƙanensa, Baffa, da ke zaune a garin Silver Spring, nan Amurka inda muke. Baffa ya ce shi bai taɓa aurar da 'ya ba tare da binciken asali ba, kuma ba a kan marainiya zai fara ba. Ni aka ɗora wa aikin. Ƙanwata ta daina cin abincin kirki, kullum idonta a kaina.

Na je Annandale, wani gari nan kusa, wurin kakan saurayin, tsoho mai yawan fara'a. Ya ba ni kofi mai ɗacin tsiya, na tambaye shi su wane ne iyayensa, ina jiran in ji manoma ko masunta. Ashe na sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya tsallake ubansa da kakansa, ya faɗa can zamanin da. Garinsu, in ji shi, wani ɗan sarki ne ya kafa shi, wanda ya fito daga gabas, ƙasar Lebanon ta yau. An sace ƙanwarsa, uban ya ce ya tafi nema, kada ya dawo sai da ita. Ya yi ta yawo tsibiri zuwa tsibiri, daga baya aka ce ya bi wata saniya, inda ta kwanta nan zai kafa gari. Ya kashe macijin da ya tsare ruwan wurin, ya auri 'yar waɗanda suke kira allolinsu, ta haifa masa mata huɗu da namiji ɗaya. Da tsufa ya zo, suka sake ƙaura zuwa arewa. Tsohon ya lissafo min wa ya auri wa har kan jikoki, ya ce shi ma ya san labari ne, amma nasu ne.

Na fito na kama hanyar gidan Baffa. Halin saurayin kam kowa ya yaba, har limamin masallacinsu, amma Baffa asali ya tambaya, ni kuma ga ni ɗauke da tatsuniya.

Haka na durƙusa gabansa na zayyana komai. Matar ɗan sarkin dai na ce 'yar manyan gari ce, don ban ga amfanin tayar da zaune tsaye ba. Da na zo kan maciji ya yi murmushi, ya ce ashe su ma suna da tasu rijiyar Daura. Sai ya tambaye ni, "Ƙanwar fa, ya same ta?"

Na ce bai same ta ba.

"Ya koma gida?"

Na ce bai koma ba, Baffa, a baƙunta ya ƙare.

 Shi ma Baffa karatu ya kawo shi ƙasar nan da niyyar komawa, ga shi har furfura. Sai ya ce, "Mutanen da ke tinƙaho da kakan da ya bar gadon sarauta saboda ƙanwa sun san darajar 'ya mace. Ka ce su turo."

Ban san lokacin da na isa mota ba. Na kira ƙanwata, guɗarta ta kusa fasa min kunne. Ranar ɗaurin aure Baffa da tsohon suka keɓe gefe suna musun macijin wa ya fi girma.

Tun daga nan na gane cewa in kana son sanin mutane, ka saurari abin da suka zaɓa su yi alfahari da shi, ko da tatsuniya ce. Har yau nakan yi wa ƙanwata gorin cewa ni ma na yi tafiya saboda ita. Takan ce Annandale kawai na je, a mota mai sanyi. Na yarda. Amma ɗan sarkin nan bai dawo da komai ba, ni kuwa da aurenta na dawo.