Ƙwan zabuwa ya tafi Lyon

Kwana uku na yi ba na yi wa ɗiyata Ramatu magana, kuma duk laifin kakata ne, wadda ta rasu tun kafin a haifi yarinyar. Allah Ya jiƙan Kaka, amma wallahi ta ɓata mini rai.

Ramatu ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, da sakamako mai kyau. Babbar jami'a a nan Paris ta ɗauke ta karatun lauya, jirgin ƙasa na metiro ɗaya daga gidanmu na Saint-Denis. Har na gama cika baki a shagon Alhaji Sani mahauci a Château Rouge. Sai yarinyar nan ta ce ita wata ƴar makaranta take so a Lyon, wadda ɗalibanta duka ba za su cika masallacin unguwa ba. Na ce me ake koyarwa? Ta ce tarihi, falsafa, adabi da ɗan kimiyya. Na ce wannan ai dafa-duka ne! Shekarunta sha bakwai, dole sai na sa mata hannu a takarda, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa.

A Tasawa, lokacin sanyi, da an ci tuwo Kaka takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta turbuɗa gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take fara tsokana: "Angona mai ƙaton kai, matso, tatsuniya ta iso, kada ta wuce ba ku gaisa ba." Kaka tana kiwon zabi, kuma kamar kowa a garinmu ba ta barin zabuwa ta kwanta kan ƙwanta. Kwashewa take yi ta sa wa kaza. Ranar da na tambaye ta dalili, da tatsuniya ta amsa.

Wai wani ɗan zabo ne kaza ta ƙyanƙyashe tare da ƴaƴanta huɗu. Kullum da yamma sai ta ƙirga su, kowa da sunansa. Wata safiya ya hango garken zabi suna ratsa gona, sun fi ɗari, kowa da riga mai zane. Ya ce ga dangina, me nake yi wurin wannan gajeriyar? Ya bi su. Ba su yi nisa ba ya faɗa sawun saniya cike da ruwa. Ya yi ta kuka, garke ya yi gaba abinsa. "Ba mugunta ba ce," in ji Kaka, tana ɓare gyaɗa. "Zabuwa ba ta iya ƙirga ba, yawa ya ruɗe ta." Da yamma kaza ta ƙirga ta ga saura ɗaya, ta bi gona tana kiran sunansa har ta tsamo shi. Kaka ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Na ajiye ta nan, mai so ya ɗauka."

Haushin da nake ji, ni na san sawun saniyar nan. Da na zo Faransa karatu, a wani ƙaton zaure muke zama, malami can ƙasa kamar ƙuda. Sanyin farko ya kwantar da ni sati uku. Na koma ina tsara abin da zan faɗa in an tambaye ni, babu wanda ya tambaya. Na sake ɗauke ƙafa wata biyu, shiru. Daga nan ban koma ba. Yau shekara ashirin ina gadin kanti, shi ya sa nake son in ce ɗiyata lauya ce, in ga wanda zai raina ni.

Jiya bayan la'asar ta kawo mini shayi ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Baba, ranar da na je ganin makarantar, mu sha biyar ne a aji. Na yi tambaya ɗaya. Bayan sati biyu malamar ta rubuto mini, da sunana, ta ce ga littafin da zai amsa mini." Na ce littafi ake ci? Sai ta ce, "A Paris in na faɗa sawun saniya, wa zai ƙirga?"

Kai! Ni da bakina na ba ta tatsuniyar nan tana ƙarama. Ina ba ta ne don ta zauna kusa da gida, don a zatona ni ne kazar. Sai jiya na tuna abin da Kaka take yi da hannunta: daga ƙarƙashin uwa take ɗauke ƙwai, ta kai inda za a kula da shi.

Na sa hannu da safen nan, har biro ya huda takardar. Ramatu ta rungume ni, na ce ta sake ni, ban huce ba. Har yanzu ban san abin da zan gaya wa Alhaji Sani ba. Da Kaka tana raye, tambaya ɗaya zan yi mata, wadda ban yi ba ina yaro: ita zabuwar, in ta dawo ta tarar da gurbinta wayam, yaya take yi?