Allura a Bakin Tsaga

Allura ake ce masa, saboda sirantakarsa. Mai gyaran famfo ne, shagonsa ɗan ƙuƙut a ƙarƙashin wani bene, cike da guntayen bututu da tsofaffin kawunan famfo. Duk inda ruwa ya fashe a lungun da ƙato ba ya shiga, shi ake kira. Abokan sana'arsa kan ce in ya juya gefe sai an sa tabarau kafin a gan shi.

Amma zuciyarsa ba a famfo take ba. Akwai kogo a dutsen bayan gari. Tun yana saurayi, ranar hutu yakan ɗaura fitila a goshi, ya naɗe gwiwoyi da tsumma, ya shiga. Inda kowa ke cewa kogo ya ƙare, nan Allura ke kwanciya rub da ciki. Wata tsaga ce da ƙyar take ɗaukar kai, shi ma sai an karkata shi, kunci na gogar dutse. Sai ya miƙa hannu ɗaya gaba, ɗayan manne da cinya, ya fitar da duk iskar ƙirjinsa, ya tura da yatsun ƙafa. Da ya ja numfashi dutse ya riƙe shi, sai ya jira ya sake fitarwa. A can ƙarshe ya tarar da ɗaki mai faɗi, farin dutse na rataye daga rufi kamar kyandir, ga tafki ana ganin ƙasansa tar.

Ba wanda ya iya binsa ya gani. Wasu suka gaskata, wasu suka yi murmushi kawai. Matarsa ba ta taɓa hana shi ba. Takan shafa masa magani a haƙarƙari ta ce, "Baban yara, ka gaishe min da ɗakin naka, tunda ya fi nawa daɗi."

Ta rasu bayan gajeriyar jinya. Shekaru suka hau shi, kafaɗa ta sage, ciki ya ɗan fito. Ran nan ya shiga tsagar, ƙirji ya ƙi wucewa. Da jan baya ya fito, bai gaya wa kowa ba.

Autarsa ce ta lura ya rataye fitilar. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma jikinsa ta ɗauko kaf.

"Baba, ka koya min," ta ce.

"Ba wurin wasa ba ne."

"Na sani. So nake in ga inda ka riƙa barin Mama kana zuwa."

Ya daɗe yana ƙi, sannan ya sakko. A ƙarƙashin gado ya koya mata. "In tsoro ya zo, kar ki tura, kar ki ja. Kwanta kawai har ya wuce."

Ranar da suka je, ya ɗaura mata igiya a idon sawu, ya kwanta a bakin tsagar yana kallon tafin ƙafarta har ya ɓace. Ya riƙa jin gogar tufa da dutse, daga baya tsit. Ya kira ta, dutse ya haɗiye muryar. Sai a lokacin ya san zaman da marigayiya ta sha, ita da ko igiya ba ta riƙe ba. Ya kifa goshi a ƙasa yana addu'a.

Can igiyar ta motsa. Autar ta fito kuncinta a goge, tana haki.

"Na gani, Baba. Farin dutsen yana nan."

"Ruwan fa?"

"Ya kafe. Sai busasshiyar laka, da sawun gwiwoyinka a kai."

Ya kwance mata igiyar a hankali. Suka gangaro daga dutsen tana riƙe da hannunsa, saboda ƙafarsa ta yi tsami. Bai sake shiga kogon ba har Allah ya karɓi ransa.