Kifin da kunya ta hana ni

Jama'a, a Faransa ba a yi wa baƙo tayin abinci sau biyu ne?

Jiya shef ɗinmu, wato shugabanmu na wurin aiki, ya gayyace ni gidansa a Vénissieux. Matarsa ta kawo gasasshen kifi, yawuna ya tsinke. Tun safe ban ci komai ba.

Na ce, "Merci madame, na ƙoshi," kar a ce ɗan Maraɗi makwaɗaici ne. Ina jira ta matsa mini kamar yadda Inna ke yi wa baƙi.

Ta ce, "D'accord," wato "to shi ke nan," ta ɗauke farantina!

Ina kallo suka cinye, sai ƙaya.

Sun sake gayyatata ran Lahadi. Wallahi tana tayin farko zan miƙa hannu. Ku ma an taɓa yi muku haka? Bari in tafi, tram, jirginmu na cikin gari, ya iso.