Ranar da Na Harba Rokar Kwali Cikin Jan-baki

Shekarun baya, ina ajin kusa da na ƙarshe a sakandare a Tambuwal, aka kawo mana wata malamar kimiyya 'yar bautar ƙasa. Ita ta koya mana yin roka. Kada ku ji roka ku ɗauka wani abin wuta ne. Kwali ne mai kauri, irin wanda ake zanen taswira a kai a manna a bangon aji. A naɗe shi ya zama kamar gora, a yi masa kai mai tsini kamar jinkar rumbu, a liƙa masa fikafikai a gindi. Tawa in na tsayar da ita ƙasa tana kawo mini ƙirji. Abin harbawar kuma bututun ruwa ne na roba da aka toshe, gefe ɗaya bawul ɗin taya, ɗaya gefen kan famfo. A yi ta ɗura masa iska da famfon keke har ya ƙi karɓa, a zura rokar a bakinsa, a murɗa kan famfon. Shi ke nan.

Duk ajinmu babu wadda ta kai ni iya naɗi, amma ban taɓa ganin tashin roka ba. Ni matsoraciya ce ta bugawa a jarida. Faranti ya faɗi a madafa sai kun ganni bayan ƙofa. Kuma duk wanda ya san yankinmu ya san ƙara ba abin wasa ba ce a kunnen mutane. Don haka da Malama ta kai hannu kan famfon nan, sai in runtse ido in toshe kunne, sai dai in ji ihun 'yan ajinmu. Da ta gama bautar ƙasarta, bututun ya ƙi shiga jakarta, ta miƙo mini. Ta ce, "Ke kika fi ƙerawa, ke kaɗai ba ki gani ba. Ranar da kika buɗe ido ki tuna da ni."

Na tafi dogon hutu ƙauyenmu da ke gaban Kebbe, na tarar gero ya fara ƙwaya, jan-baki kuma sun sauka. Ga wanda bai san su ba, 'yan tsuntsaye ne da ba su cika tafin hannu ba, amma idan sun taso sai ka ce hadari. Su zauna a kan zangarniya su tsotse ta tun tana madara, su bar maka kara. Rumbunmu a lokacin ya kai gindi, mahaifiyata har ta fara rage awo ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Abin da ke tsaye a gonar nan shi ne tuwonmu na shekara.

Mahaifina tun asuba yake fita. Ya ɗaura igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, yana ja yana ihu, yana wurga majaujawa. Tsuntsayen sun saba. Su ɗan ɗaga su koma. Har muryarsa ta dushe, in zai kira mahaifiyata sai dai ya tafa hannu.

Ranar da na ga ya dawo ya kasa ko amsa sannu, na ce, "Baba, akwai wani abu da aka koya mana a makaranta."

Ya dubi bututun da ke jingine a ɗakina, ya ce cikin raɗa, "Wanga na ban-ruwa ne?"

Na yi masa bayani. Ya ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Na sa aka sayo mini kwali ranar kasuwar Kebbe. Ba ni da gam, sai na dama garin rogo na liƙa da shi, na shanya rokokina a tsakar gida ina ta jin kaina. Na shiga salla na fito na tarar awakinmu sun yi walima. Fiffike ɗaya kawai suka bar mini, shi ma yana bakin bunsuru. Mahaifiyata ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke da kinka dama masu kunu, mi kike so su yi?" Mahaifina ne ya ciro ƙaron da yake haɗa tawada da shi ya ba ni. Na sake wasu guda biyu, na ɗaura musu jelar leda mai walƙiya, na rataye su can saman rumfa inda akuya ba ta kaiwa.

Mahaifina bai yarda a harba ba sai da ya je wurin mai gari. Da yamma mai shela ya zaga yana cewa duk wanda ya ji ƙara gobe da safe daga gonakin gabas kada ya gudu, ɗiyar wane ce za ta kori tsuntsu da takarda. Har yau akwai masu kirana mai takarda a garin nan.

Da gari ya waye muka ɗauki kaya muka tafi. Yadda gonakin suke, dajin ƙayar da tsuntsayen ke kwana yana yamma, sai gonarmu, sai ta wani tsoho, abokin marigayi kakana, a gabas. Ni na riga na zaɓi wuri. Na ajiye bututun a bakin gonarmu ta wajen dajin, inda na ga sun fi sauka.

Mahaifina ya ce, "In kin harba daga nan, ina za su?"

Na ce, "Su tafi mana, Baba."

"Su tafi ina?"

Ya nuna gabas da haɓa. Sai a lokacin na gane. In na firgita su daga nan, gonar tsoho za su faɗa. Ya ce tun kakanni ba a korar tsuntsu zuwa gonar maƙwabci. Ana tsayawa ne a bayan gonar ƙarshe a kora zuwa daji, ko da ta kan taka za su bi.

Na ce, "To in suka taso daga tashi suka zauna a tamu fa?"

Ya ce, "Sai mu ce Allah ya ƙaddara." Ya saɓa bututun a kafaɗa ya yi gaba.

Mun tarar da tsohon zaune bakin gonarsa da gwangwani a hannu, ƙarfin ja ma ba shi da shi. Da ya ganni ya washe baki, domin tun ina ƙarama yake tsokanata. "Ah, uwargida, yau ke da kanki? Wanga ne jirgin da za ki kai ni Makka da shi?"

Na ce, "Sai ka rage cin fura, Kaka, ba ya ɗaukar mai nauyi."

Muka wuce bayan gonarsa muka kafa bututun.

Sai ga su. Da farko kamar hayaƙi can saman ƙaya. Sannan hayaƙin ya miƙe, ya lanƙwasa, ya zubo a kan gonakin biyu. Ƙararsu kamar ruwan sama a kan kwano. Ina kallon zangarniyoyi suna sunkuyawa don nauyi.

Mahaifina ya hau famfon keke. Yana dannawa bututun yana ƙara tauri a ƙarƙashin hannuna, har famfon ya fara turo shi baya. Na zura roka, na karkata bakin zuwa yamma. Sai na tarar da abin da ban taɓa tunani ba. Hannu ɗaya zai riƙe bututu, ɗaya zai murɗa. Ba sauran hannun toshe kunne. Kuma in na rufe ido ban san inda na saita ba.

Na yi bisimilla na murɗa.

Tum! Na ji ta har cikin haƙora. Kuma na gani. Abin da na naɗe da hannuna a kan tabarma ya tafi sama a miƙe, jelarsa tana walƙiya, ya shiga tsakiyar baƙin nan, sai baƙin ya tsage gida biyu kamar an yaga zane. Ta cikin tsagar na hango shuɗin sama, da 'yar rokata tana ta ƙanƙancewa. Ban san lokacin da na ce Allahu Akbar ba.

Duk suka tashi lokaci guda. Suka dunƙule, suka yi yamma, suka kai saman gonarmu. Nan suka tsaya. Suna juyawa suna sauka a hankali, na tsoho da namu gaba ɗaya, a kan geron mahaifina. Abin da na ji tsoro shi ne ke faruwa a gaban idona.

Mahaifina ya koma ɗura iska, amma numfashinsa ya ƙare, ya durƙusa yana tari. Sai tsohon nan ya yar da gwangwani ya rarrafo. Ya ce, "Ɗaga nan, yaro." Ya kwanta a kan famfon da duk ɗan nauyin da Allah ya bar masa, yana dannawa yana salati. Mahaifina ya dafa bayansa suna yi tare. Ni kuma ina kuka ina zura roka ta biyu. Wani reshen tsuntsayen ya juyo ta kanmu, wuri ya yi duhu, iskar fikafikansu tana kaɗa mini hijabi, kashinsu yana zuba a hannuna.

Tsoho ya ce, "Saki, uwargida!"

Na kwantar da bakin bututun ƙasa-ƙasa na saki. Ta bi saman zangarniyoyinmu kamar shaho. Wannan karon ba su tsage ba. Sun tashi kamar an ɗaga bargo daga kan gona, suka nannaɗe, suka faɗa dajin. Shirun da ya biyo baya har kunnena yana amsa kuwwa. Na zauna daɓas a kan kunyar gero.

Ba zan ce muku roka ta gama da jan-baki ba. Da yamma sun dawo, washegari ma haka. Kullum sai mun je bayan gonar tsoho, in harba in bi kunya in tsinto rokokina in liƙe inda ya yage, gwangwanaye kuma ba su daina aiki ba. Sun ci abin da suka ci. Amma mun yanke gero, rumbu ya wuce rabi, mahaifiyata ta koma awonta na da.

Har yau ban warke daga tsoro ba. In garken tsuntsaye ya gifta ta kaina sai na duƙa. Sai dai in na tuna safiyar nan, ba ƙarar ce ke fara zuwa mini ba. Tsagar nan ce da shuɗin da ke cikinta, da bayan mahaifina yana tafiya gabas da bututu a kafaɗa, yana barin gonarsa a baya.

Bayan girbi tsohon ya aiko mana da dami guda a kan jaki. Mahaifina ya ce a mayar, shi bai yi don a biya shi ba. Ɗan aiken ya ce ai ba naka ba ne. Kaka ya ce kuɗin kujerarsa ne, a faɗa wa uwargida yana nan yana jiran jirgin Makka.