Malam Zakari, Ba Mu Jira Ka A Wurin Duwatsu Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, 14 ga Satumba, 2024, Allah Ya karɓi ran Malam Zakari na Ƙofar Sauri, tsohon malamin tarihi, dattijon ƙungiyarmu ta masu gudun safe, a cikin dajin da muke bi ta wajen Batagarawa.

Malam, kai ka kafa mana ƙa'idar cewa ba a barin kowa a baya. Shi ya sa kullum kai ne ƙarshen layi, da gorar ruwa a hannu domin wanda ƙishi ya kama. Ranar da Habibu ya gurɗe a cikin kwazazzabo, rigarka ka yage ka ɗaure masa ƙafa, ka tallafo shi har bakin titi, kana tsokanarsa cewa tuwon dare ne ya yi masa nauyi.

A tsakiyar hanyar akwai dogayen duwatsun nan da aka kafa a tsaye, ba wanda ya san tun yaushe. Nan ka ce na gaba ya riƙa jiran na baya. Da ka iso sai labari. Wasu sun ce alamar kaburbura ce, wasu sun ce iyakar gonaki, wasu wurin taron mutanen da. Kakan shafa su ka ce, "Ku duba nauyin abin nan. Mutum ɗaya bai ɗaga shi ba."

Gaskiya mun ƙosa da labarin. Zufa na bushewa, ƙafa na sanyi, kai kana tarihi. Sai muka soma wucewa ba tsayawa, kai kuma ba ka taɓa yi mana ƙorafi ba.

Ran nan ma haka muka yi. Mun fito titi muna shan koko, Habibu ya ce, "Ina Malam?" Ni ne na ce, "Ƙyale shi, yana can yana hira da duwatsunsa." Aka yi dariya. Sai da rana ta ɗaga muka koma, muka tarar da kai jingine da babban dutsen, hannunka a ƙirji, gorar ruwan ko buɗe ta ba ka yi ba.

Likita ya ce zuciya ce. Na san kwana ne ya ƙare, amma wallahi kunya da nadama sun hana ni sakat.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba matarka Hajiya Ramla da ɗiyarka Fiddausi haƙurin wannan rashi, mu kuma Ya yafe mana.

Hajiya, ranar zaman makoki kin tambaye mu wanda ya laƙƙana masa kalmar shahada, duk muka sunkuyar da kai. Ga amsar yau: babu kowa. Mu da bai taɓa barinmu a baya ba, muna bakin titi.